Baƙuwar Kaza a Tsakar Gida

(Kiɗan buɗe shiri)

 Iyayena mata da ke tsakar gida, ko tankaɗe ake yi ko wanke-wanke, a ɗan jawo rediyon kusa, domin a yawancin gidajenmu akurki na uwargida ne, maganar yau kuwa ta akurki ce.

Duk wanda ke shiga kasuwar kaji gab da Sallah ya san jajayen kajin nan na gidan gona da ake jibgewa a keji, wuya a tsige, baya ba gashi, zanko ya kwanta ya yi fari fat. Su ne kajin ƙwai da suka gama aiki. Irin wannan kaza tana fara ƙwai tana da mako 18 zuwa 20, a shekararta ta farko ta zuba ƙwai wajen 300. Kazarmu ta Hausa da ke yawo a gari ba ta cika wuce 40 zuwa 60 a shekara ba. Idan ta gidan gona ta kai shekara ɗaya da rabi ko biyu, ƙwan ya fara raguwa, sai mai gona ya yi lissafi ya ga abincin da take ci ya fi abin da take kawowa, ya kwashe su gaba ɗaya ya sayar. Yawancinsu tukunya suke nufa. To amma akwai masu sayen biyar ko goma su kai gida su ci gaba da kiwo, wasu don ƙwan da ya rage a jikinsu, wasu kuma tausayi ne tsagwaronsa.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. A Ingila akwai wata ƙungiya mai suna British Hen Welfare Trust, wadda wata mata, Jane Howorth, ta kafa a 2005. Aikinta karɓo irin waɗannan kaji daga gidajen gona idan sun kai kamar mako 72, ta raba wa masu son kiwo a bayan gida. A 2024 adadin da ta ceto ya cika miliyan ɗaya, Sarki Charles ne ma ya karɓi ta cikon miliyan ɗin. Su ma abin da ke ba su wuya shi ne abin da ke ba mu: ranar da kazar ta iso, da ranar da za ta shiga cikin 'yan gida.

Bari in ba ku abin da ya faru a gidanmu, don har yau yana ci mini rai. Wata shekara da hunturu na sayo guda shida a wata gidan gona da ke bayan gari, na kai wa mahaifiyata. Na sauke kwalin a tsakar gida, na buɗe. Ba wadda ta fito. Na ciro ɗaya na ajiye a ƙasa, ta tsaya cak, ta ɗaga ƙafa ɗaya tana kallon yashi, ta rasa yadda za ta taka shi. Faratanta sun yi zaƙo-zaƙo har sun lanƙwashe. Inna ta dube ta ta ce, "Ke 'yar nan, wannan baiwar Allah ai ba ta taɓa ganin rana ba." Na ce, "Inna, bari a sa su cikin naki su sake, su ji ɗumi." A daren muka tura su akurki ɗaya da kajin Inna goma sha huɗu. Da safe mun tarar an fasa wa biyu kai. Kafin mako biyu kuma kajin Inna suka fara rurrufe ido, suna zawo kore, wasu wuya ya murɗe. Guda uku suka tsira. Kajin da take sayarwa ta yi wa jikoki ɗinkin Sallah ke nan. Ba ta ce mini komai ba, ni kuwa na san gaggawata ce ta jawo.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, wannan kaza ba ta taɓa rayuwar kaza ba. Wadda ta fito daga keji ta yi fiye da shekara a kan waya, ita da 'yan uwanta uku ko huɗu. Irin tsohon kejin da Tarayyar Turai ta haramta a 2012, filin kowace kaza a ciki bai kai faɗin farar takardar buga wasiƙa guda ba, kuma har gobe ana aiki da irinsa a gonakinmu. Ba ta san tono ba, ba ta san birgima a toka ba, ba ta san hawa itace ta kwana ba. Idan shirwa ta gifta, kajin gida za su watse, ita tana nan tsaye. Ruwan sama zai sauko, ta tsaya ya jiƙe ta sharkaf. An datse mata baki tun tana 'yar tsako don kada su riƙa cin juna, saboda haka ba ta iya tsintar hatsi a kan daɓe, ba ta kuma iya rama faɗa.

Sai ƙashinta. Kowane ɓawon ƙwai yana cin kusan giram biyu na sinadarin kalsiyam, wanda shi ne ke gina ƙashi. Idan na abinci bai isa ba, daga ƙashinta jiki yake ɗiba. Ku lissafa ƙwai ɗaruruwa, ga kuma rashin motsi. Shi ya sa ƙashin irin wannan kaza yake kamar busasshen kara. Don Allah kada a ɗauke ta ta ƙafa kai a ƙasa, kada a riƙe ta ta fiffike ɗaya, kada a rataya ta a babur. A tallabe ta da hannu biyu, fikafikan a manne da jiki. A zuba su a kwando ko kwali mai huji, a shimfiɗa ɓuntu, a yi tafiyar da sanyin safiya ko bayan la'asar. Kaza ba ta gumi, zafin jikinta kuma ya kai digiri 41, ɗan cunkoso a rana tsaka ya isa ya kashe ta kafin a iso gida.

Tun a wurin saye ma a buɗe ido. Rashin gashi ba ciwo ba ne, zai tsiro. Abin gudu shi ne ido mai ruwa ko kumburi, majina, numfashi mai kurari, kashi a manne a gindi, kaza ta takure ta saki fiffike. In da hali a saya kai tsaye daga gona, domin kejin kasuwa ya ga kajin gari goma. Idan kuma kuka ga mai gona yana karya farashi ba gaira ba dalili, yana ta sauri a kwashe, ku tambayi dalili. Tun da aka fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Najeriya a watan Fabrairun 2006, a wata gona da ke Jaji ta jihar Kaduna, ba ta daina leƙowa ba. Alamarta mutuwar farat ɗaya da yawa, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi. Wanda ya ga haka kada ya saya, kada ya yanka, kada ya ci. Ya sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa, domin wannan cuta tana iya kama mutum.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, an dawo. Yanzu kaji sun iso gida. Abu na farko, kuma in za ku manta da komai kada ku manta da shi: a killace su su kaɗai kwana talatin. In wuri ya yi ƙunci ƙwarai, kada a gaza mako uku.

Na san abin da wata za ta ce: ai kajin gidan gona sun sha allura, me za a ji tsoro? Nan ne gizo ke saƙar. Cutar da ta kashe kajin Inna ita ce wadda masu kiwo a wasu wurare ke kira fakat, likitoci kuma suke ce mata Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gane ta a 1926. Kazar da aka yi wa riga-kafi tana iya ɗauko ƙwayar cutar a hanya ko a kasuwa, ita ba ta kwanta ba, amma tana zubar da ita a kashi da numfashi. Kajin gida da ba su taɓa ganin riga-kafi ba su ne za su zube. Daga kamuwa zuwa bayyana kan ɗauki kwana biyu zuwa sha biyar, kuma ta fi ƙarfi da hunturu. Akwai kuma murar kaji mai daɗewa, wadda ke kwance a jiki ba alama, sai wahalar tafiya ta tayar da ita. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne. Kajin gida suna da ƙuma, suna da tsutsar ciki, suna da ƙurajen fuska da sauro ke yaɗawa, sun saba da kayansu. Baƙuwar da ta tashi a kan waya ba ta taɓa haɗuwa da yawancinsu ba. Kowane ɓangare guba ne ga ɗan uwansa har sai an ga lafiyar kowa.

Killacewa ba raba akurki biyu da zana ba ce. A nisanta su iyakar yadda gida ya ba da dama, kamar taku goma ko fiye: bayan ɗaki, tsohon ɗakin girki, ko kangon da ba a shiga. Kaskonsu daban, mazubin abincinsu daban, tsintsiyarsu daban. A fara sallamar kajin gida, sannan a je wurin baƙi, ba a juya ba. A ajiye tsohon silifa a ƙofar wurinsu, wanda ba ya zuwa ko'ina, a wanke hannu da sabulu in an fito. A gaya wa yara, don su ne masu zirga-zirga tsakani. Mun saba cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, to a wannan wata a hana. Tattabaru, agwagi, zabi da tsuntsayen gari duk suna iya kai cuta daga kasko zuwa kasko, musamman agwagwa, da kan ɗauki cuta tana yawonta lafiya ƙalau.

A cikin wannan wata ne za a yi wa kajin gida riga-kafin fakat, aƙalla mako biyu kafin haɗuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin riga-kafin wannan cuta, har da wani iri mai jure zafi da aka yi domin kajin ƙauye, ɗigo ɗaya ake yi a ido. Ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai maƙwabta su haɗa kuɗi su kira malamin dabbobi ya yi wa unguwa rana guda. Kazar da ta riga ta kwanta ba a yi mata. Ina kuma roƙon iyayena mata game da kafson nan ja da rawaya da ake farkewa a zuba a kasko. Ba ya kashe ƙwayar fakat ko kaɗan, haka barkono, haka ɓawon maɗaci. Abin da kafson yake yi shi ne ya sauka a cikin ƙwan da za a dafa wa yara. Duk maganin da likita ya ba kaza, ko na tsutsa ne, a tambaye shi kwana nawa za a yi kafin a ci ƙwanta ko namanta.

Wurin da za su zauna ya kasance da inuwa, iska na shiga, ƙasa a bushe, an shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako. Fatar da ba gashi rana na ƙona ta, sanyin hunturu kuma na ratsa ta, sai a rufe gefen da iska ke bugowa da buhu in dare ya yi. Kwanakin farko kada a sa musu abin hawa. In ƙafa ta yi ƙwari, a gitta itace ƙasa-ƙasa, kada ya wuce kamu ɗaya da rabi, don tsalle daga sama na iya karya ƙashin ƙirji. Faratan za su cinye da kansu in ta fara tono. A ajiye tsohon baho da yashi da toka, ita ce sabulun kaza, tana rage ƙuma.

Ruwa kuwa, da yawansu ba su san kasko ba, sun saba da 'yar tsinin famfo da suke taɓawa da baki ruwa ya ɗigo. Kama kowace a hankali, ki tsoma mata bakin sau ɗaya ko biyu. In ɗaya ta gane, saura za su bi. Kaza mai ƙwai tana shan kamar rubu'in lita a yini, da bazara ta fi haka nesa.

Kuskuren da aka fi yi a abinci shi ne a watsa musu dawa ko gero a ƙasa, ko a kwaɓa dusa zalla. Cikinta bai san wannan ba. Tun tana ƙarama garin abincin buhu take ci, kamar giram 110 zuwa 120 a yini. Ranar saye a tambayi irin wanda ake ba su, a sayo ko mudu biyar ne. A zuba a mazubi mai zurfi saboda datsattsen bakin. Bayan mako guda a fara cuɗa abincin gida kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa har kwana goma. Kafin a ba ta hatsi ɗanye, a tanadar mata tsakuwa ƙanana, don da su ƙundu ke niƙa, tunda kaza ba ta da haƙori. Gashin da muke son ya fito kusan dukansa furotin ne, dusa kuwa ba ta da isasshe. A nemo gara, a daka ƙuli-ƙulin da ba gishiri ba yaji, a soya waken suya a niƙa, ɗanyensa ba ya yi musu kyau, a ƙara da garin busasshen kifi da ganyen zogale. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, tana lalata hanta. Ɓawon ƙwai a gasa shi a daka lukwi, ko ƙashin da aka ƙona, a zuba a wani gwangwani daban, za ta ɗibi abin da jikinta ke nema.

Sannan a zauna a kalle su. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, da haka ake gane mai ci da marar ci. Da na sake sayo wasu bayan shekara biyu, na bi wannan hanya. A rana ta tara ɗaya ta shiga bahon toka, ta kwanta a gefe, ta miƙe ƙafa, ta buɗe fiffike tana watsa toka a bayanta, ido a lumshe. Ba wanda ya koya mata. Na kira Inna ta zo ta gani, muka tsaya mu biyu har ta gama ta karkaɗe jiki. A mako na uku sai ga tsinin sabon gashi a wuyanta kamar an shuka allurai. A wannan lokaci a rage kama su, don sabon gashi yana da jini a ciki, yana musu zafi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To wata ya cika, kowa lafiya, an yi riga-kafi. Har yanzu ba a buɗe ƙofa a tura su ba.

Kaji suna da sarauta. Kowace ta san wadda take tsattsaga da wadda ke tsattsagar ta, wa ke fara ci, wa ke kwana a sama. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ya fara rubuta wannan a ilmance wajen 1921, amma duk tsohuwar da ta yi kiwo ta san daƙwalwar da ke mulkin akurkinta. Baƙuwa in ta shigo, sai an sake rabon muƙami, kuma da baki ake yinsa. Ba za a hana faɗa gaba ɗaya ba. Abin da ake nema kada ya kai ga jini.

A fara da gani ba taɓi. A dawo da baƙin kusa, a raba su da ragar waya ko babban kwando, a ajiye abinci a ɓangarorin biyu dab da ragar, su riƙa ci suna kallon juna mako guda ko kwana goma. Ranar haɗuwa ta farko a zaɓi yamma, kamar awa ɗaya kafin magariba, a fili mai faɗi, ba cikin akurki ba. Magariba na yi kowa zai nemi makwanci, faɗan ya mutu da kansa. Gobe a ƙara lokaci. A sa mazubi uku ko huɗu nesa da juna, ruwa ma haka, yadda uwar akurki ba za ta iya tsare su duka ba. Sau da yawa ba sara ke kashe baƙuwa ba, yunwa da ƙishirwa ne, ana kore ta daga kasko ba wanda ya lura. A jingina tsohon faifai, ko damin kara, ko ƙyauren da aka cire, inda wadda aka koro za ta ɓace wa idon mai binta, amma kada ya zama lungun da ba mafita. Kuma kada a taɓa shigar da guda ɗaya tilo. Biyu ko uku tare, sai saran ya rabu.

Ɗan sara, ɗan kora, tsige gashi ɗaya ko biyu, a bar su. Jini kuwa da an gani a ɗauke mai ciwon nan take, domin ja yana jan bakin kaza, duk za su taru a kanta. A wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa shuɗin maganin nan na ciwo da ake kira jibi, sai ta warke a mayar. In akwai wata fitinanniya guda da ta hana kowa sakat, ita za a ɗauke kwana biyu ko uku. Kafin ta dawo an yi rabo ba ita, sai ta shiga neman nata matsayin. Galibi cikin mako biyu gida ya lafa.

Zakara a ɗan dakatar da shi. Bayan da ba gashi ba ya ɗaukar faratansa, ƙafar da ba ƙwari ba ta ɗaukar nauyinsa. Sai gashi ya rufe.

Da magariba a leƙa. Darare na farko za ku same su a tsugune a tsakar gida cikin duhu, don a gona wutar lantarki ce ke gaya musu dare ya yi. A ɗauke su da hannu a sa a akurki, a rufe da kyau saboda muzuru da gafiya. Kwana uku zuwa biyar sun koya. Ƙwai ma da fari duk inda ya matse su nan za su sake shi. A sa kwali da ciyawa a lungu mai duhu, a bar ƙwai ɗaya a ciki, za su gane.

Batun ƙwan, kada a sa rai da yawa. Za ta iya yin kwana biyu ko uku tana yi, sannan ta tsaya cak na makonni, domin jiki ba ya iya gina gashi da ƙwai a lokaci guda. In ta dawo, ƙwan zai fi girma, ɓawon ya fi laushi, kuma ba kullum ba. Ba ta cika kwanci ba, an riga an cire wa irinsu wannan hali wajen zaɓen iri. Mai son 'yan tsaki daga gare ta, in zakara ya taka ta, sai ya sa ƙwan a ƙarƙashin kazar Hausa mai kwanci, kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Wasu za su yi shekara biyu ko uku a hannunku, wasu ba za su kai ba, saboda mahaifar ƙwai ta gaji. In kuka ga ciki ya kumbura tana tafiya a tsaye kamar agwagwa, ko gindi ya fito ja, a nuna wa likitan dabbobi da wuri. In ya ce ba gyara, kada a bar ta tana wahala. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, sai dai a wasa wuƙa sosai, a yi sauri, a kuma kauce daga idon sauran. Wadda ciwo mai yaɗuwa ya kashe kuwa, a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa a bola ko kwata inda kare zai jawo ta ƙofar maƙwabci.

Lokaci ya ƙure mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake gina akurkin da iska ke ratsawa amma muzuru ba ya shiga, da kayan da ke cikin gida. 

(Kiɗan rufe shiri)